Wi-Fi Ya Kama Amma Komai Ya Ƙi Buɗewa: Yadda Ake Gano Matsalar DHCP da DNS Mataki-Mataki

Da wuya mako ya wuce ba a kira ni a kan wannan matsalar ba. Masu shagunan intanet a Samaru, ƙananan ofisoshi a Sabon Gari, makarantun kuɗi a Tudun Wada, duk a nan Zariya, maganar dai ɗaya ce: "Malam, Wi-Fi ya kama, data ma akwai, amma komai ya ƙi buɗewa." Wani kuma ya ce kwamfuta uku suna yi, huɗu sun ƙi. Abin da ke ci mini rai shi ne, sau da yawa kafin in isa an riga an zira tsinke a ramin da ke bayan rawuta, wato na'urar da ke raba intanet a wurin, an mayar da ita sabuwa fil, saitin da aka sha wahalar yi ya tafi, matsalar kuma tana nan daram. Garin neman gira an rasa ido.

Galibin irin wannan damuwa ba ta wuce abu biyu. Ko dai na'urar ba ta samu adireshin IP na ƙwarai ba, wanda aikin DHCP ne, mai rabon adireshi, ko kuma ta samu adireshin amma ta kasa mayar da suna irin google.com zuwa lamba, wanda aikin DNS ne. Ka ɗauki wayarka: DHCP shi ne ya ba ka layi, DNS kuma sunayen da ka adana ne, waɗanda kake dannawa ba tare da ka haddace lambar kowa ba. Layi kan iya zama lafiya sunaye su ɓace, amma in babu layin, sunayen ba su da amfani. Shi ya sa ake fara duba adireshi kafin suna. Ka bi jerin nan yadda yake, kada ka tsallake.

## Kayan da za ka tanada

Laftof mai ramin kebul, ko ƙaramin adafta na USB in ba shi da ramin. Gajeren kebul guda ɗaya wanda ka tabbatar da lafiyarsa, kuma kada ka ba da aronsa. Na'urar gwada kebul mai fitilu takwas, tare da batirinta mai volt 9. Filayar matse kan kebul da 'yan kawunan RJ45. Biro da littafi. Sai suna da kalmar sirrin shiga rawutar. In ba a taɓa canza su ba, galibi suna rubuce a takardar da ke manne a ƙarƙashinta.

Ta fuskar kuɗi, binciken kansa ba ya cin ko sisi, domin duk umarnin da za mu buga suna cikin Windows. Abin da za ka saya, wato na'urar gwaji da filaya da kawuna, ana samunsu a shagunan kayan kwamfuta na wajen PZ da Sabon Gari, kuma sau ɗaya ake sayen na'urar da filayar. Tsadar gaske tana wajen sayen sabuwar rawuta alhali tsohuwar lafiyarta ƙalau, da kuma wunin da shago zai yi ba ciniki. In akwai kuɗin da zan ce a kashe, to a kan ƙaramin UPS ne, wato batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke, na rawuta da suwic, akwatin nan mai ramuka da yawa da kebul ɗin na'urori ke haɗuwa a jikinsa. Za ka ga dalili a mataki na 3.

## 1. Tambaya kafin taɓawa

Tambaya uku nake yi kafin in buɗe jaka. Na'ura nawa ne abin ya shafa, ɗaya, wasu, ko duka? Yaushe ya fara? Me aka canza ko aka jona kafin ya fara? In na'ura ɗaya ce, laifin yana jikinta ko a kebul ɗinta. In duka ne, rawuta ko layin intanet. In kuwa wasu suna yi wasu ba sa yi, kuma masu yin yau ba su ne masu yin gobe ba, to zuciyata kan tafi kai tsaye ga mataki na 4.

Tambaya ta uku ba a cika samun amsarta da wuri ba, don yaran shago suna tsoron faɗa. Ka tambaya cikin lalama, ba a gaban mai gida ba.

A nan ne kuma za ka tabbatar data ba ta ƙare ba, sannan ka dubi fitilu. Fitilar ramin da aka soka kebul dole ta kama, a suwic da kuma bayan kwamfuta. In ba ta kama ba, canza da kebul ɗinka mai kyau. Ƙurar hunturu kan cika ramukan suwic, ɓera kan ci kebul a silin, tsawar damina kuma kan ƙone rami ɗaya ta bar sauran.

Gargaɗi: kebul ɗin netwok ba ya wuce mita 100 tsakanin na'ura da na'ura. Ka kuma duba kada a samu kebul ɗaya da aka soka kawunansa biyu a suwic ɗaya. Alamarsa ita ce duk fitilu su riƙa ƙyaftawa tare da sauri, netwok ɗin gaba ɗaya ya tsaya.

## 2. Karanta adireshin da na'urar ta samu

Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta `cmd`, sannan a baƙin allon da ya fito ka rubuta `ipconfig /all`. Rubutu zai zubo da yawa. Nemi sashen da kake amfani da shi, Ethernet in kebul ne, Wireless LAN in Wi-Fi ne, ka kwafe layuka biyar a littafinka: IPv4 Address, Subnet Mask, Default Gateway, DHCP Server, da DNS Servers. Ka je kwamfutar da ke aiki lafiya ka kwafe nata, ka ajiye su gefe da gefe. Rabin aikin yana cikin wannan kwatancen.

Ga yadda ake fassara abin da ka gani. In an rubuta Media disconnected, maganar kebul ce ko Wi-Fi, koma mataki na 1. In adireshin ya fara da 169.254, kwamfutar ta nemi adireshi ba wanda ya amsa mata, sai ta laƙaba wa kanta wanda ba ya fita ko'ina. Je mataki na 3. In adireshin ya yi kama da na gaske amma lambobinsa uku na farko sun saɓa da na kwamfutar da ke aiki, misali ita tana 192.168.88 wannan tana 192.168.0, je mataki na 4. In ka ga kalmar Duplicate a gefen adireshin, mataki na 5. In komai ya yi daidai, wuce mataki na 6.

Ka lura da layin DHCP Enabled. In ya ce No, wani ne ya rubuta adireshin da hannu. Wannan ya yi yawa a laftof ɗin ɗalibai da ma'aikata: an saita musu adireshi a wani ofis ko ɗakin gwaji, sun taho da shi wani netwok. Gyaran shi ne ka buga `ncpa.cpl`, ka shiga Properties na katin, ka buɗe Internet Protocol Version 4, ka zaɓi Obtain an IP address automatically, haka ma na DNS.

Gargaɗi: kafin ka goge adireshin da aka rubuta da hannu, ɗauki hotonsa da waya. Wataƙila da dalili aka sa shi, musamman in kwamfutar ita ce ke riƙe da manhajar lissafin kuɗi ko ta jarrabawa.

A wayar Android, wannan matsalar kan fito a matsayin Obtaining IP address wanda ba ya wucewa. A Linux kuma `ip addr` da `ip route` su ne madadin.

## 3. In ba a ba ta adireshi ba

Fara da `ipconfig /release` sannan `ipconfig /renew`. In adireshi mai kyau ya zo, to jinkiri ne kawai, kuma kusan kullum wuta ce sanadi. Idan aka ɗauke wuta aka tayar da janareto, kwamfutoci kan riga rawuta farkawa. Su yi sallama, ba a amsa ba, su ɗauki 169.254. Windows kan sake gwadawa duk bayan kamar minti biyar, amma mai shagon da kwastomomi suka cika ba zai jira ba, sai ya shiga kashewa da kunnawa. Maganinsa tsarin kunnawa: rawuta da suwic tukuna, a ba su minti biyu zuwa uku, sannan kwamfutoci. In an ɗora rawuta da suwic a kan UPS ko inbata, ba ma za su mutu ba balle a yi wannan rigen.

In umarnin ya daɗe yana jira sannan ya ce ya kasa samun DHCP server, ɗauki laftof ɗinka ka jona shi kai tsaye a ramin LAN na rawutar, wato ramin da ake jona na'urorin cikin gida, da gajeren kebul ɗinka. Ya samu adireshi? To laifin yana hanya, tsakanin rawuta da waccan kwamfutar: kebul, suwic, ko na'urar watsa Wi-Fi. Ka riƙa matsawa gaba kana gwadawa, suwic bayan suwic, har ka iso inda ya yanke.

In ko a jikin rawutar bai samu ba, ka sa wa laftof ɗin adireshi da hannu na ɗan lokaci don ka iya shiga cikinta. Yawancin rawutocin kamfanin TP-Link suna zuwa da 192.168.0.1, MikroTik da 192.168.88.1, na'urorin Huawei masu ɗaukar sim da 192.168.8.1. In rawutar tana 192.168.0.1, ba laftof ɗin 192.168.0.240, da 255.255.255.0, ka buɗe birawuza ka rubuta adireshin rawutar. Abu biyu za ka duba a sashen DHCP: yana kunne? Kuma adireshi nawa suka rage?

Wannan na biyun shi ne mutane ba su sani ba. Rawuta ba ta ba da adireshi kyauta, haya take bayarwa na wani wa'adi, daga rumbu mai iyaka. Ƙananan TP-Link da yawa suna zuwa da rumbun da ya fara daga 192.168.0.100 ya tsaya a 192.168.0.199, adireshi 100 ke nan, da wa'adin minti 120. A gida wannan ya isa har ya yi yawa. Amma a shagon da ake ba kwastomomi kalmar sirri, ko makarantar da kowane malami ke da waya biyu da laftof, kuma wani ya tsawaita wa'adin zuwa kwana ɗaya ko mako, rumbun kan ƙare kafin azahar. Wanda ya shigo da safe ya tafi abinsa, amma adireshinsa na nan a kulle da sunansa. Alamar ita ce tsofaffin na'urori suna aiki, sababbin shigowa ne ke tsayawa.

Gyara biyu ne. Faɗaɗa rumbun, misali daga .50 zuwa .250. Sannan rage wa'adi: inda mutane ke shiga da fita, awa ɗaya ko biyu ya wadatar, a ofishin da na'urori ba sa canzawa, kwana ɗaya ba laifi. Kada ka ji tsoron gajeren wa'adi, domin na'ura kan sabunta hayarta da kanta tun wa'adin yana rabi, mai amfani ba zai ma sani ba. A MikroTik, rumbun yana IP sannan Pool, jerin masu haya kuma yana IP, DHCP Server, Leases.

Gargaɗi: netwok mai 255.255.255.0 adireshi 254 kawai yake ɗauka. Ana iya mayar da shi 255.255.254.0 a samu 510, amma yawan adireshi ba ya ƙara wa rawuta ƙarfi. Ƙaramar rawutar gida za ta durƙushe tun kafin wayoyi su kai haka. Kuma in ka gama, kada ka manta ka mayar da laftof ɗinka kan karɓar adireshi da kansa.

A manyan wurare masu suwic da aka rarraba gida-gida da VLAN, neman adireshi ba ya tsallaka daga wannan sashe zuwa wancan sai an saita mai miƙa saƙo, wanda a kayan Cisco ake rubuta shi `ip helper-address`. In sashe guda cur ne ya rasa adireshi, nan za ka fara dubawa.

## 4. Masu rabo biyu a gida ɗaya

A nan zan daɗe, don ita ce matsalar da ta fi wahalar da mutane, kuma ita ce aka fi ɗora wa kamfanin intanet laifinta ba da hakkinsa ba.

Wata shekara, lokacin da ake tsaka da rajistar jarrabawar shiga jami'a, wani mai shago a Samaru ya kira ni da sassafe. Kwamfutoci goma sha biyu, layin ɗalibai har bakin titi. Ya ce, "Injiniya, kwana uku ke nan. Wannan ta yi, waccan ta ƙi, in an kashe an kunna sai su yi musanya." Ya riga ya canza suwic, yana shirin sayen rawuta. Na kwafe layukan kwamfuta biyu. Mai aiki tana 192.168.88.37, mai rabon da ya ba ta 192.168.88.1. Wadda ta ƙi tana 192.168.0.104, mai rabonta 192.168.0.1. Na nuna masa littafin na ce, "Alhaji, akwai wata rawuta a shagon nan ban da wannan." Ya ce sam babu. Muka bi kebul ɗaya bayan ɗaya, sai ga wani shuɗi ya bi ta saman taga ya shiga ɗakin baya inda ake yin fotokwafi. A kan kwali, ƙarƙashin tarin takardu, ga wata tsohuwar farar rawuta tana ƙyafta fitila. Yaron shagon ne ya kawo ta daga gida don Wi-Fi ya kai musu ciki. Niyyarsa mai kyau ce, bai dai san ita ma tana rabon adireshi ba.

Abin da ke faruwa shi ne, idan na'ura ta nemi adireshi, shela take yi wa netwok ɗin gaba ɗaya, kuma galibi tayin da ya fara iso mata shi take karɓa. In na babbar rawuta ya riga, lafiya. In na ƙaramar ya riga, sai ta ba ta adireshi ta kuma ce mata "ni ce ƙofar fita", alhali ba ta da hanyar zuwa ko'ina. Shi ya sa abin yake kama da aikin iska, yau nan gobe can.

Layin DHCP Server shi ne ke tona asiri. Da ka ga adireshin da ba na babbar rawutarka ba, ka buga `arp -a` a kwamfutar da abin ya shafa, ka kwafe lambar MAC, wato lambar shaidar na'urar, da ke gaban wannan adireshin. Lambar tana rubuce a ƙarƙashin kowace rawuta, da ita za ka tabbatar ka kama mai laifin. In ba ka gan ta da ido ba, ka riƙa zare kebul ɗaya-ɗaya daga suwic kana buga `ping`, umarnin da ke gwada ko na'ura tana amsawa, zuwa adireshin. Wanda ka zare amsa ta tsaya, shi za ka bi.

Ba sai an jefar da ita ba, gyara ta ake yi, kuma jerin yana da muhimmanci. Zare ta daga netwok. Jona laftof ɗinka da ita kaɗai. Fara canza adireshinta zuwa na gidan babbar rawuta, a wajen rumbu, misali 192.168.88.2. Bari ta sake tashi, ka shiga da sabon adireshin, sannan ka kashe DHCP ɗinta. Daga nan ka soka kebul ɗin da ya taho daga babbar a ramin LAN. In tana da zaɓin Access Point a saitinta, zaɓe shi, zai yi maka yawancin aikin.

Gargaɗi: in ka fara kashe DHCP kafin canza adireshi, kana iya rufe wa kanka ƙofa, sai ka sa adireshi da hannu kafin ka sake shiga. Wasu kuma kan soka kebul ɗin a ramin WAN, wanda intanet ke shigowa ta cikinsa, su bar DHCP a kunne. Intanet za ta yi, amma ka gina gida a cikin gida: waɗanda ke kan babbar rawuta ba za su ga firinta ko kwamfutar da ke bayan ƙaramar ba. In kuma rawutocin biyu suna amfani da lambobi iri ɗaya, ko intanet ɗin ma ba lallai ta yi ba.

Mai suwic irin wanda ake shiga a saita shi ya kunna DHCP Snooping, ya amince da ramin babbar rawuta kaɗai wajen rabon adireshi. MikroTik ma tana da Alerts a ƙarƙashin DHCP Server, wanda ke sanar da kai in wani mai rabo ya ɓullo.

## 5. Adireshi ɗaya, na'ura biyu, da firintar da ke ɓata

Rikicin adireshi kan taso ne idan an sa wa firinta ko na'urar kyamarorin tsaro adireshi da hannu daga cikin rumbun da rawuta ke rabawa. Ranar da firintar take kashe, rawuta ta ba wayar wani wannan adireshin; da aka kunna firinta, sai su yi karo. Wasu ƙananan rawutoci kuma kan manta wa suka ba me da zarar wuta ta ɗauke.

Ɗaya fuskar ita ce firintar da aka bari tana karɓar adireshi da kanta. Jiya tana .105, yau bayan ɗauke wuta ta koma .112, kwamfutoci kuma suna ta aika aiki tsohon gida. A wata makaranta a Tudun Wada, na tarar an sake girka firinta ɗaya har sau shida a kwamfutar sakatariya, duk saboda wannan.

Raba gidan tun farko: .1 rawuta, .2 zuwa .20 na'urorin Wi-Fi da suwic, .21 zuwa .49 firintoci da kyamarori da saba, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, .50 zuwa sama rumbu. Ga na'urar da kake so ta zauna wuri ɗaya, na fi son a keɓe mata adireshi daga cikin rawuta, abin da TP-Link ke kira Address Reservation, MikroTik kuma Make Static. Komai yana wuri guda, ko an canza wanda ke kula da netwok ɗin zai gani.

Gargaɗi: wayoyin zamani, daga Android 10 da iOS 14, suna nuna wa kowane Wi-Fi lambar MAC ta daban, ba ta ainihin wayar ba. In za ka keɓe wa waya adireshi, ɗauki lambar da ta fito a jerin rawuta, ba wadda ke shafin bayanin wayar ba.

## 6. Gwajin hawa uku

Adireshi ya yi daidai, yanzu sai a gano inda hanya ta yanke. Buga `ping` da adireshin Default Gateway, wato ƙofar fita, yawanci rawutarka. In ba amsa, matsalar tana cikin gida. In ya amsa, buga `ping 8.8.8.8`, wanda adireshin Google ne a can intanet. In wannan ya ƙi, tsakanin rawuta da waje ne: data, sim, eriya, ko kamfanin da ke ba ka intanet. Yanzu ne lokacin kiransu ya yi, ba kafin nan ba. In ya amsa, buga `ping google.com`. Idan lamba ta amsa amma suna ya ce could not find host, ka kama DNS dumu-dumu.

Gargaɗi: katangar tsaron Windows kan hana wata kwamfuta amsa `ping` ko da lafiyarta ƙalau. Yi gwajin da rawuta, kada ka yanke hukunci da kwamfutar maƙwabci.

## 7. Wane DNS ne ya yi shiru

Buga `nslookup google.com`. Layukan farko za su nuna wanda aka tambaya, yawanci rawutarka ce, ita kuma tana miƙawa ga na kamfanin intanet. Sannan buga `nslookup google.com 8.8.8.8`, wato ka tsallake rawutar ka tambayi na Google kai tsaye.

In na farko ya ce DNS request timed out na biyu kuma ya kawo lambobi, to rawutar ko DNS ɗin da take dogaro da shi ne ba lafiya. Shiga rawutar ka rubuta mata wasu: 8.8.8.8 da 8.8.4.4 na Google, 1.1.1.1 da 1.0.0.1 na Cloudflare, ko 9.9.9.9 na Quad9, wanda ke toshe sunayen shafukan da aka san suna yaɗa cuta. Ni nakan haɗa na kamfani biyu daban, ɗaya daga nan ɗaya daga can. A rawuta za ka canza, ba a kowace kwamfuta ba, sannan ka buga `ipconfig /renew` a kwamfutocin don su karɓi sabon saƙo. Wanda ya bi kwamfuta ashirin yana rubutawa da hannu ya ajiye wa kansa aikin wata rana.

In duka biyun sun yi shiru alhali `ping 8.8.8.8` yana amsawa, wani abu ne ke tare ƙofa ta 53, wadda DNS ke bi. Duba dokokin katangar rawuta, da manhajar kashe cuta da ke kwamfutar. In amsar ita ce Non-existent domain, DNS yana aiki, sunan ne babu shi. Duba rubutunka, harafi ɗaya ya isa ya ɓatar da kai, musamman a dogayen sunayen shafukan makarantu masu ƙarewa da edu.ng.

Masu MikroTik su duba IP sannan DNS. In rawutar ce ake ba kwamfutoci a matsayin DNS, dole a sa alama a Allow Remote Requests, in ba haka ba ba za ta amsa wa kowa ba.

Gargaɗi: da ka sa wannan alamar, ka tabbatar katangarka ta toshe ƙofa ta 53 daga ɓangaren waje, UDP da TCP duka. In rawutar tana da adireshin da ake iya samu daga intanet kuma ka bar ta a buɗe, baƙi za su riƙa amfani da ita wajen kai wa wasu hari, datarka na zurarewa, netwok ɗin ya yi nauyi.

## 8. In na'ura ɗaya ce ta ƙi

Wani lokaci `nslookup` zai amsa da kyau amma birawuza ta ci gaba da nuna DNS_PROBE_FINISHED_NXDOMAIN ko ERR_NAME_NOT_RESOLVED. Dalili shi ne `nslookup` kai tsaye yake tambaya, ba ya duba abin da kwamfutar ta adana. Fara da `ipconfig /flushdns` don share tsofaffin amsoshi. Kwamfuta kan riƙe har amsar "babu" na ɗan lokaci, shi ya sa shafin da ya dawo yake ci gaba da ƙin buɗewa a wurinka.

Sai ka buɗe fayil ɗin `C:\Windows\System32\drivers\etc\hosts` da Notepad. Abin da aka rubuta a cikinsa yana gaban DNS. Manhajojin da aka fasa, irin waɗanda ake girka wa mutane a bakin kasuwa, sukan cusa layuka a nan su mayar da sunaye zuwa 127.0.0.1 ko 0.0.0.0. Layin da ba ka san dalilinsa ba, sa alamar # a farkonsa maimakon gogewa. Sai ka buɗe Notepad ɗin a matsayin Administrator kafin ya yarda ya adana.

Bayan haka kashe VPN in akwai, duba ko an bar Proxy a kunne, ka kuma duba Use secure DNS a saitin tsaron Chrome, domin birawuzar kan iya bin nata DNS daban da na Windows. A Android, tun daga na 9, akwai Private DNS. In an rubuta wani suna a wurin kuma netwok ɗin ya toshe shi, waya za ta kama Wi-Fi amma ba abin da zai buɗe, har shafin shigar da lambar tikiti a wuraren da ake sayar da Wi-Fi. Mayar da shi Automatic ko Off ka gwada.

Dubi agogon kwamfutar ma. In ƙaramin batirin CR2032 da ke kan allonta ya mutu, kwanan wata kan koma baya, shafuka su riƙa ƙin buɗewa da gargaɗin tsaro. Wannan ba DNS ba ne, batiri ne. Sai duk waɗannan sun gaza za ka buɗe `cmd` a matsayin Administrator ka buga `netsh winsock reset` da `netsh int ip reset`, ka sake kunna kwamfutar. Na biyun kan goge adireshin da aka sa da hannu, don haka hoton nan na mataki na 2 zai yi maka rana.

## 9. Sunayen cikin gida

Ofishin da ke da Windows Server wanda ma'aikata ke shiga da sunansu, dokarsa daban ce. Kwamfutocin wurin dole DNS ɗinsu ya zama sabar kaɗai. Kada ka sa musu 8.8.8.8 ko a layi na biyu, domin Google bai san sunan sabarku ba; duk ranar da kwamfuta ta juya gare shi, shiga zai yi jinkiri, manyan fayilolin da ake rabawa su ɓace, anjima su dawo. Wurin sa 8.8.8.8 shi ne cikin sabar, a shafin Forwarders. Kuma in sabar ce ke rabon adireshi, a kashe na rawuta.

Inda babu saba, kuma kiran kwamfuta da suna yana yi yana ƙi, keɓe mata adireshi kamar yadda aka yi a mataki na 5, a riƙa kiranta da lamba.

## 10. Rubuta, ka adana

Kafin ka tashi, kashe komai ka kunna bisa tsari, ka gwada kwamfuta biyu da waya ɗaya da firinta. Shiga rawutar ka sauke kwafin saitinta daga sashen Backup, ka ajiye a filashi da kuma imel ɗin mai wurin. A takarda ɗaya rubuta adireshin rawuta, farko da ƙarshen rumbu, wa'adin haya, DNS ɗin da ka sa, da adireshin kowace firinta da na'urar Wi-Fi. Manna ta a bango kusa da suwic, ban da kalmar sirri; ita a ba mai gida a hannunsa. Ramukan suwic da ba a amfani da su kuma, liƙe su da salatif, ka gaya wa yaran wurin duk wanda zai jona sabuwar na'ura ya kira ka tukuna.